Lallen da Bai Kama Ba

Duk mai shirin kirana mara kunya, ya fara zuwa ya kalli hannuna tukuna. Da waɗannan tafukan nake rubuta muku, sun yi dabbare-dabbare, nan ja, nan ruwan goro, nan kuma kamar an shafa min manja an goge da tsumma. Tun shekaranjiya matan unguwarmu ta Yelwa ke yawo da ni a baki, wasu sun ce aljanu ne, wasu sun ce boko ne ya taɓa min kai. To gara ku ji daga bakin mai hannun, kuma ina gaya muku tun yanzu, raina a ɓace yake, ba zan yi wa kowa kwalliya ba.

Sunana Najiba. Mahaifina Alhaji Sada yana sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Jalingo, a shagon da ya gada wurin kakanmu da ya zo daga Kano. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, yayar Baba ce ta raine ni, Gwaggo Sa'adatu. Gwaggo tana sona, wannan ban taɓa shakka ba, amma abin da mutane za su ce ya fi mata ciwo a kan zazzaɓin da ke jikina.

Ina digiri na biyu ne a ilimin taurari, a wata jami'a a Afirka ta Kudu. Kada ku tsorata, a taƙaice zan yi muku bayani, don in ba ku gane aikin ba ba za ku gane abin da aka yi min ba. Can nesa ƙwarai a sararin samaniya, wani lokaci ƙaton tauraro yakan mutu, ya yi wata irin fashewa ta haske mai ƙarfi da ake kira hasken gama. Ba ta daɗewa, kafin ka kurɓi shayi ka ajiye kofi ta wuce. Akwai tauraron ɗan'adam da ke gadinta, da ya hango sai ya aiko mana da saƙo, sai dai bai iya nuna ainihin wurin ba, nahiyar kawai yake faɗa. Abin da ke rage mana shi ne ragowar hasken, kamar garwashi bayan wutar itace ta mutu. Da na'urar eksire da ke kan wani tauraron ɗan'adam muke neman garwashin nan, kuma hucewa yake yi da sauri. In ka same shi ka gano inda tauraron ya mutu. In ka makara, shi ke nan, babu mai dawo maka da shi.

A ƙungiyarmu gadi ake yi bi da bi, kowa da makonsa. Mai gadi da Farfesarmu su kaɗai ke da ikon aika buƙatar a juya na'urar. Ni kuwa tun da na shiga ban taɓa dacewa ba, sai makona ya wuce lafiya lau, washegari abin ya faɗo a hannun wani. Farfesa ta faɗa min gatsal, in zangon nan ya ƙare ban kama nawa ba, tsofaffin bayanan wasu za a ba ni in tsefe, gurbin digiri na uku kuma in cire rai. Makon gadina na ƙarshe sai ya zo daidai da makon baikona, ina gida Jalingo, ta waya zan yi gadin.

Kafin ku tambaya, babu wanda ya tilasta min Mahadi. Ni na kawo shi da kaina. Mai ɗaukar hoton eksire ne a wani asibitin kuɗi da ke bayan kasuwa, can muka haɗu ranar da na kai Gwaggo hoton gwiwa. Da ya ji abin da nake karanta sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe abokan sana'a ne. Ni ina leƙa ƙirjin mutane, ke kina leƙa ƙirjin sama." Wallahi wannan maganar ce ta kwashe min ƙafa. Dogo ne, mai tsabta, ba ya fita sai da shadda mai guga da ƙamshin turare. Na ce a raina yau na sami wanda ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Matsalarsa ɗaya ce, Nelson. Nelson ɗan garin Lau ne a nan jiharmu, yana gaba da ni a jami'ar, shi ya nuna min hanyar shiga ƙungiyar. Yana da mata, yana da 'ya'ya, har suna na je gidansa. Amma da sunansa ya bayyana a wayata sai Mahadi ya haɗe rai, zance ya mutu.

Nelson ya ce in bar masa makon saboda baikon. Na ƙi, tunda babu wani makon da ya rage min a gaba. Damuwata ɗaya ce, ranar ƙunshi. Jan lalle za a yi min na salatif, hannu da ƙafa, a ɗaure da leda, in zauna tun hantsi har yamma ba taɓa komai. Sai na kira Mahadi.

"Ranar ƙunshi kai ne hannuna," na ce masa. "In wayar ta yi ƙara, ni zan faɗa, kai ka danna."

Ya yi dariya. "An gama, ranki ya daɗe. Hannu biyu ma."

Na zaunar da shi na nuna masa komai, inda ake buɗewa, inda ake saka lambar sirri, inda ake aikawa. Har yana tsokanata wai a sa sunansa a takardar digirin.

Ranar ta zo. Cecilia ce mai ƙunshin, maƙwabciyarmu 'yar Mumuye, wadda duk Yelwa babu mai hannunta a yankan salatif. Ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta zana min ganye da fulawa tun daga yatsu har wuyan hannu, ta kwaɓa lalle da lemon tsami, ta lafta, ta ɗaure ni da baƙar leda kamar ƙullin alala. Leshina na baiko, ruwan zuma mai duwatsu, yana rataye a ƙofar ɗaki. Mahadi ya zo cikin shadda ruwan toka da hula zanna, ya gaida Gwaggo har ƙasa, ya zauna a kujerar roba daga bakin baranda, wayata a kan cinyarsa.

Gwaggo ta taɓe baki. "Ni dai ban taɓa ganin inda namiji ke zaman gadin ƙunshi ba. Zamani ya zo mana da abin kallo."

"Aiki aka ba ni, Gwaggo," ya ce yana murmushi.

Muna nan har aka yi azahar ya je masallaci ya dawo. Lalle ya fara ɗumi a hannuna, ina ta hamma. Sai wayar ta ɗauki ƙara.

'Yan uwa, wannan ƙarar na sa mata ta daban, mai kama da jiniya, kuma ban taɓa jin ta a makona ba. Na yunƙura zan miƙe, ledar ƙafa ta zame, Cecilia ta riƙo ni.

"Ita ce! Mahadi, ita ce! Buɗe!"

Ya buɗe. Kafin ya kai inda na nuna masa, saƙonnin Nelson suka fara shigowa a jere, ina hango su suna sauka ta saman allon. Na ga fuskar Mahadi ta canza.

"Karanta min lambobin da ke sama," na ce. "Bar saƙonnin."

Bai bar su ba. Da ƙarfi ma ya karanta, yana kwaikwayon Hausar Nelson da ba ta bambance mace da namiji. "Najiba kana ina? Abin da muke jira ya zo. Farfesa yana cikin jirgi, ba a samun shi. Kai kaɗai ne yanzu. Don Allah ka yi sauri, ina jiranka."

Ya ɗago. "Abin da kuke jira?"

"Fashewar yake nufi! Ka sani sarai!"

"Ke kaɗai ce yanzu. Yana jiran ki." Ya jinjina kai. "Jibi za a kawo goron baikonki, wani ƙato yana jiran ki."

"Mahadi, don girman Allah, mu yi faɗan nan an jima. Na'urar tana da lokacin da take karɓar umarni. In buƙatar ba ta isa kafin nan ba, sai gobe, kuma gobe ya huce."

"To ya huce mana. Tauraron na gidanku ne?"

Gwaggo ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Wane irin ihu ne wannan kamar an yi gobara?"

"Gwaggo, ki ce ya ba ni wayata."

"Ya ba ki ki karɓa da me? Da haƙori?"

Mahadi ya miƙe, ya gyara zaman hularsa, ya danna wayar ta mutu a kan idona. Ya zura ta a aljihu. "Gwaggo, ni zan leƙa wurin aiki. In lallen ya kama zan dawo mata da ita. Tun yanzu ya kamata ta fara koyon wane kira ake amsawa, wane ake bari."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Gwaggo. "Ka ga namiji."

Ya sa kai ya fita. Na ji tashin mashin ɗinsa a ƙofar gida, ni kuma ina zaune da hannuwa biyu a sama kamar mai roƙon ruwa. Kwamfutata tana ɗaki, amma ba ta da amfani, don lambar shiga wayar ake turo wa. Ban taɓa jin tsanar mutum irin ta wannan lokacin ba, kuma mutumin da nake so ne.

Na kai ledar hannun dama bakina na yage ta da haƙori.

Gwaggo ta saki ludayi. "Najiba! Kika kuskura! Lallen nan ko rabi bai yi ba. So kike dangin miji su zo su ga hannunki kamar na mai kuturta? Da wane ido zan kalli mutane?"

"Da idon da kika kalle shi ya tafi da wayata."

Ban taɓa mayar wa Gwaggo magana ba sai ranar. Cecilia kuwa hannu ta ɗora a ka. "Wayyo aikina! Adda Najiba, ka ɓata mini aiki, tun safe ina yanka wannan fulawa!" Amma da ta ga ina kokawa da ledar hagu, ita ce ta jawo bokiti ta tsoma min hannuwan, tana wankewa tana mita. Ƙafafun babu lokaci. Haka na zura su da ledarsu cikin silifas ɗin Baba na alwala, na yafa hijabi a kan zanen ƙunshi, na fita.

Mai keken da na tara ya kalli ƙafata ya kalli fuskata. "Hajiya, lafiya dai? Ƙonewa ne?"

"Bayan kasuwa. Ka yi sauri."

Ranar kuwa kamar duk Jalingo ta fito. Wajen kasuwa motar doya ta tsaya tana sauke kaya, keke ya cushe bayan keke. Na sauka na ƙarasa da ƙafa, lalle yana tsatsafowa daga leda yana caɓal-caɓal cikin silifas, 'yan kasuwa suna bin sawuna da kallo. Wani ma har ya gane ni, na ji yana cewa, "Ba 'yar Alhaji Sada ba ce?" Ban waiga ba.

A asibitin na tarar jan fitilar da ke saman ƙofar ɗakin hoto a kunne, alamar ana ɗauka, ba a shiga. Mutane na zaune a benci suna jiran layi. Ina jin muryarsa daga ciki, a natse, mai daɗi, irin wadda yake yi wa marasa lafiya. "Baba, ja numfashi. Riƙe. Kada ka motsa." Fitila ta mutu, tsoho ya fito, Mahadi ya leƙo. Ya gan ni sarai. Sai ya kalli benci ya ce, "Na gaba."

Sau nawa ya yi min haka ban ƙirga ba. Da haƙurina ya ƙare, ana buɗe ƙofa na sa ƙafata mai leda na tokare ta.

"Ba ni wayata."

Ya kalli hannuna, ya kalli ƙasa inda na bar sawun lalle a kan tayil. "Kin ga yadda kika koma kuwa? A kan wani Nelson kika keto kasuwa haka?"

"A kan aikina. Ba ni."

"Eksire dai ai ni ne mai shi, Najiba. Kullum shi nake yi. Ƙashin da ya karye yau, in an ɗauka gobe ma a karye za a gan shi. Wace gaggawa ce ba ta jiran lalle?"

"Na yi maka bayani. Ka zauna ka ji. Ka ce hannu biyu ma."

"Lokacin ban san da mai jiran ki ba."

Wata dattijuwa a benci ta ce, "Ɗana, ba ta abinta mana, mu ma jiran ka muke." Sai da ya ga idanu sun yi masa yawa sannan ya jawo durowa, ya ɗauko wayar, ya ajiye ta a kan tebur maimakon ya miƙo min.

A nan bakin ƙofa na kunna ta, ina shafa wa allon jan lalle. Saƙonnin Nelson sun taru rututu, na ƙarshen gajere ne. "An rufe karɓar umarni na yau. Sai gobe. Ka aika duk da haka, ko Allah zai sa."

Na aika. Na zauna a ƙarshen bencin marasa lafiya na yi kuka mai isata, dattijuwar nan tana bubbuga min baya, ita a zatonta mummunan sakamako aka ba ni.

Washegari aka juya na'urar ta duba nahiyar. Gidanmu kuwa babu mai yi min magana. Gwaggo ta sa Cecilia ta zo ta gwada rufe ɓarnar da baƙin lalle, Cecilia ta juya hannuna ta ce babu abin da zai gyaru, sai dai a bar shi ya goge da kansa. Mahadi bai kira ba, ni ma ban kira ba.

Ranar baiko da hantsi sakamakon ya iso. Hoto ne baƙi ƙirin, da 'yan ɗige-ɗigen da ba su da wata ma'ana. Babu garwashi. Farfesa ta rubuto cewa saƙon tauraron da ya fara hango ta ya nuna fashewar mai ƙarfi ce, da an duba a ranar da wuya a rasa. Ba ta yi min faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce in rubuta sanarwar da ake aika wa sauran masu bincike, cewa an duba a makare ba a ga komai ba, sannan in na dawo mu zauna a kan tsofaffin bayanan. Na rubuta sanarwar ina sanye da leshina ruwan zuma, an ɗaura min ɗankwali, an shafa min hoda.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku. Duk da haka ina son sa. Ina jin hayaniyar mutanensa a falon Baba, kawunsa Malam Yuguda da tawagarsa sun iso da goro da alewa, ƙamshin turarensu har tsakar gida. Na ce a raina, in ya ce min yi haƙuri, kalma biyun nan kawai, zan ɓoye hannuna cikin mayafi in bar komai ya wuce. Sai na tura masa baƙin hoton. Ban rubuta komai a ƙasa ba.

Bai ɓata lokaci ba ya amsa.

"Kin gani ko? Duk haukan da kika yi a kasuwa, ashe babu komai a wurin. Da kin zauna da yanzu lallenki ya kama. Ki gode min."

Har da 'yar fuskar dariya a ƙarshe.

Ina riƙe da wayar sai Gwaggo ta leƙo, fuska a murtuke. "Taso, babanki na kira. Ki rufe hannuwan nan, kada ki ƙara kunyata ni."

Baba yana da alkawarin da ya ɗaukar wa mahaifiyata, cewa ba zai karɓi goron kowa ba sai ya tambaye ni da bakinsa. Na same shi a ɗakinsa zaune a kan darduma, babbar rigarsa fara, hularsa a gefe. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa. Na durƙusa.

"Najiba, mutane sun zo. In karɓa?"

Na fito da hannuwana daga cikin mayafi na shimfiɗa su a gabansa. Gwaggo ta yi tsaki. Na ajiye wayar a kusa da su.

"Baba, kada ka karɓa."

"Innalillahi!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "A kan waya? A kan tauraro? Sada, kana ji? Mutane na zaune a falo!"

Baba bai kalle ta ba. Ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya ɗauki wayar. Ya karanta saƙon Mahadi a hankali, leɓensa na motsi, ya sake karantawa. Sannan ya matsa sama ya daɗe yana kallon baƙin hoton, yana karkata wayar kamar yadda yake duba atamfa a haske.

"Ina abin naki da kika shekara kina jira?"

"Ya huce, Baba. Ranar da yake nan, wayar tana cikin durowarsa."

Daga falo muna jin Malam Yuguda yana dariya, wani yana cewa a matso da faranti. Baba ya miƙo min wayar, ya cire tabarau, ya ɗauki hularsa ya kafa.

"Sa'adatu," ya ce yana miƙewa, "je ki ce kada kowa ya kwance ƙullin goron nan. Yadda ya shigo haka zai fita."